A tamina yana yi, a burauza ba ya yi

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan yayata ya shigo shagona da ke Badariya ɗauke da laftof a buɗe, ko jaka bai tsaya sa ta ba. Yana karanta kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru nan Birnin Kebbi, kuma lokacin miƙa aikin kammala karatu ya matso. Ba mu gama gaisawa ba ya ce, "Kawu, abin ga ya ishe ni. In na buga umarnin a tamina sai ya yi. In na danna maɓalli a burauza, shiru. Kuma wallahi umarnin guda ne, ko waƙafi ban sauya ba."

Na karɓi laftof ɗin, na buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na buga `history` don in ga ta inda ya biyo. Layuka uku na ƙarshe duk `chmod -R 777` ne, umarnin da ke buɗe wa kowa izinin folda, kowanne a kan folda daban. Na tambaye shi wa ya ce ya yi haka. Ya ce a wani guruf na WhatsApp aka ba shi shawarar. Na ce, "To, ta yi aiki?" Ya girgiza kai.

Ban yi masa faɗa ba. Na jawo masa kujera, na ce kafin mu taɓa komai bari in ba ka labarin makon da na kwashe a kan irin wannan matsalar. Shi ne kuma nake son in ajiye a rubuce, domin duk wanda ya fara sa manhajar intanet ta kira wani kayan aiki na cikin kwamfuta sai ya ci karo da ita, kuma yawancinmu a wannan yanki ba mu da wani babba a kusa da za mu kai wa kuka.

A 2022 ne, shekarar da azumi ya faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara. Wanda ya san Birnin Kebbi a wannan watan ya san zafi yakan haura digiri 40 da rana, har fankar laftof ta riƙa kuka kamar injin niƙa. Wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin haɗa musu manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Da can da hannu malamai suke cike takardun, ɗalibi bayan ɗalibi, in an yi kuskuren lissafi a sake sabuwa. Tsarin da na yi ba shi da wuya. Malami ya shigar da maki a shafi, PHP, harshen da na rubuta manhajar da shi, ya ɗauki takardar Word da makarantar ta saba amfani da ita mai ɗauke da tambarinsu, ya cike suna da maki da matsayi, sannan ya kira LibreOffice ya mayar da ita PDF don a kai wa firinta. A wannan kiran na ƙarshe ne gizo ya yi saƙa.

Ubuntu 20.04 ce a kan laftof ɗina, da PHP 7.4, da Apache, wato manhajar da ke miƙa wa burauza shafukan. LibreOffice 7.3 kuwa wani abokina ne ya ba ni a filash saboda tsadar data, na girka shi ya zauna a `/opt/libreoffice7.3`. In na buɗe tamina na buga `soffice --headless --convert-to pdf takarda.docx`, cikin 'yan daƙiƙoƙi PDF ya fito tsaf. In na sa wannan layin a fayil ɗin PHP na gudanar da shi daga tamina, nan ma ya fito. Amma in na buɗe burauza na danna maɓallin da na rubuta wa "Fitar da sakamako", shiru kamar an aiki bawa garinsu. Babu PDF, babu saƙon kuskure, shafi fari fat.

Kwana biyu na farko a banza suka tafi, kuma na san dalili: ina ta gyara abin da ban ji ƙorafinsa ba. Da `shell_exec` nake kiran umarnin, shi kuwa `null` yake dawo maka da shi ko umarni ya gaza ko ya yi nasara bai ce komai ba, ba ka da hanyar bambancewa. Ga wani abu kuma da ban lura da shi ba a lokacin. Kowane umarni a Linux ƙofa biyu gare shi ta magana, ta ɗaya don sakamako, ta biyu don kuskure. A tamina duka biyun a gabanka suke zubowa, shi ya sa ba ka sanin biyu ne. PHP kuwa ta farko kaɗai yake kamawa. Ta biyun tana tafiya kundin kurakuran Apache, wato `/var/log/apache2/error.log`. Da na buɗe shi daga baya na tarar da layi ɗaya ya maimaita kansa fiye da sau talatin, duk dannawar da na yi da nata layin.

Sai na sauya kiran ya koma haka:

```
exec($umarni . ' 2>&1', $amsa, $lamba);
var_dump($amsa, $lamba);
```

Wannan `2>&1` yana cewa ne a juyo ƙofa ta biyu ta haɗu da ta farko. `$lamba` kuma ita ce lambar da umarni yake bari in ya gama, sifili in lafiya, wata lamba in da matsala. Na danna maɓalli. A karon farko shafin ya yi magana: `sh: 1: soffice: not found`, lamba 127.

Na daɗe ina kallon wannan layin. Ta yaya za a ce ba a ga `soffice` ba, alhali ga shi a wata taga yana yi mini aiki? Amsar tana cikin haruffa biyun farko. Ba `bash`, mai karɓar umarnina a tamina, ba ne ya yi maganar, `sh` ne. PHP ta `/bin/sh` yake aika umarni, kuma a Ubuntu wannan `sh` ɗin `dash` ne tun 2006. Ba ya karanta `.bashrc` ɗinka, fayil ɗin saitunan `bash`, bai san `source` ba, bai san laƙabin da ka raɗa wa umarnanka ba. Ni kuwa ranar da na girka LibreOffice na ƙara layi ɗaya a `.bashrc` wanda ya sa `/opt/libreoffice7.3/program` cikin PATH, wato jerin foldojin da ake bi a nemo umarni, na kuma manta da na yi. Duk abin da na tayar daga tamina yana gadon wannan jerin, har da PHP. Apache kuwa ba daga tamina ta ya tashi ba. Systemd, mai tayar da ayyukan Linux, shi ne ya tashe shi tun lokacin da kwamfuta ta kunnu, da nasa gajeren jerin. Lamba 127 ma'anarta ke nan, ba a sami umarnin ba. 'Yar uwarta 126 na nufin an same shi amma ba a iya gudanar da shi ba.

Maganin wannan ba wuya, sai ka rubuta cikakkiyar hanya tun daga tushe. Amma kafin in yi, wani tunani ya zo mini, na sauya umarnin gaba ɗaya zuwa `whoami; id; pwd; env`, masu nuna wane ne ke buga umarni da muhallinsa. Shafin ya nuna `www-data`, sunan da Apache yake aiki da shi, lamba 33. Na buga irinsa a tamina, ya nuna sunana. Na jera tagogin biyu gefe da gefe. Tawa tana da layuka masu yawa, ta Apache kuwa ba su taka kara sun karya ba. Babu HOME, mai nuna foldar gidan mai amfani, a ciki sam. LANG kuma, saitin harshe, an rubuta masa `C`.

A nan kan mage ya waye. Duk kwana biyun nan ina cewa "umarnina yana yi a nan, ba ya yi a can", ashe ba ni ne ke buga shi a can ba. Kamar ka saba shiga ɗakinka ne ka ɗauko abu a akwati: makulli yana aljihunka, ka san inda akwatin yake ko da cikin duhu. Ran nan sai ka tura ɗan aike da kalmomin da ka saba faɗa wa kanka, "ɗauko mini takardar nan a akwati." Kalmomin ba su sauya ba, amma shi ba shi da makulli, bai san ɗakin ba, kuma ba a ce masa ya dawo ya faɗi abin da ya hana shi ba. `www-data` ɗan aike ne, kuma da gangan aka bar hannunsa babu makullai, saboda shi ne ke tsaye a bakin ƙofa yana karɓar saƙon duk wanda ya zo daga waje, na kirki da wanda ba na kirki ba.

Na sa cikakkiyar hanya, na danna. An gudu ba a tsira ba. Yanzu an sami `soffice`, amma ya mutu kafin ya fara aiki, ya bar lamba 77. LibreOffice, ko da ba ka buɗe tagarsa ba, sai ya sami wurin da zai ajiye saitunansa, kuma a gidan mai amfani yake nemansa. A fayil ɗin `/etc/apache2/envvars` akwai layin da ya ce `unset HOME`, shi ya sa ban ga HOME ba. Gidan da aka rubuta wa `www-data` a rajista kuwa `/var/www` ne, wanda mallakar `root` ne, babban mai iko a kwamfutar, ba shi da izinin rubuta komai a ciki.

A daidai wannan gaɓar ne mutum yake gajiya, kuma a nan shawarar banza take samun shiga. An rage kwana huɗu a ba da hutu, ga azumi, ga wuta sai ta ga dama take zuwa, batirin laftof ɗina kuma bai fi awa ɗaya da rabi ba. Na yi tambaya a wani guruf, amsoshi biyu suka zo kusan tare. Ɗaya ya ce in yi 777 a kan `/var/www` duka. Ɗayan ya ce in sa `www-data` a fayil ɗin `sudoers`, ya riƙa gudanar da komai da ikon `root` ba tare da kalmar sirri ba. Na san dukansu da kyakkyawar niyya suka faɗa, kuma na san da na yi ta biyun da PDF ya fito a daren. Amma ina so duk mai karanta wannan ya tsaya ya ga abin da ake cewa ya yi. Bakwai a nan huɗu ce da biyu da ɗaya: karantawa, rubutawa, gudanarwa. Bakwai uku kuwa na mai fayil, na ƙungiyarsa, da na kowa da kowa. Wato ka cire ƙyauren gida don ɗan aike ya samu shiga. Ta `sudoers` ta ma fi muni. Sunan fayil ɗin da nake miƙa wa umarni daga sunan ɗalibi yake fitowa, sunan ɗalibi kuma daga akwatin da wani ya cike a shafi. In aka sami rana ɗaya da na yi sakaci, wani ya rubuta waƙafi mai ruwa a wurin suna ya biyo shi da nasa umarnin, to da ikon `root` zai gudana. Kuma kada ka ce ai laftof ɗinka ne kawai. Abin da ka saba yi a laftof shi za ka kwafa zuwa saba, kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai, ranar da aka matsa maka lamba, a can kuwa makin 'ya'yan mutane ne da lambobin wayar iyayensu.

Abin da na yi bai fi layi uku ba. Na buɗe folda `/var/lib/makaranta`, na mallaka wa `www-data` ita kaɗai da `chown`, na ba ta izinin 750. Na zaɓi wajen `/var/www/html` ne don kada wani ya iya cankar adireshi ya sauke sakamakon ɗan wani. Sannan na gaya wa LibreOffice inda zai ajiye saitunansa da `-env:UserInstallation=file:///var/lib/makaranta/lo`. Lamba ta dawo sifili.

Akwai wani ɗan abin da ya ci mini kusan awa guda a tsakani, bari in faɗe shi a gurguje. Lokacin gwaji na ce a zuba PDF ɗin a `/tmp`. Umarni ya ce ya rubuta, PHP ya ce fayil yana nan, ni kuma na leƙa `/tmp` ban ga komai ba. Ashe a Ubuntu an kunna wa Apache `PrivateTmp`, systemd yana yanka masa nasa `/tmp` na daban, a cikin wata folda mai dogon suna da ya fara da `systemd-private`. Shi yana ganin nasa, kai kana ganin naka, kuma in ka sake tayar da Apache nasa ya share. Haka ma salon rubutun da makarantar take amfani da shi a kan takardarta: na ajiye shi a `.fonts` na gidana, don haka PDF na farko da wani salo daban ya fito, layuka suka goce daga tebur. Na kwafe shi zuwa `/usr/local/share/fonts`, na buga `fc-cache -f`, ya daidaita. Ciwo ɗaya ne duk, fuska ce daban-daban.

Daren Laraba bayan tarawihi na sake shi a kan makarantar duka. Ɗalibai 312. Na bar shi yana aiki na kwanta, da sahur na duba, babu kuskure ko ɗaya, duk lambobin sifili. Da safe na kai filash ofishin shugaban makaranta ina jin an sauke mini kaya. Aka fara bugawa, ana jera takardu aji-aji a kan benci. Da aka ƙirga sai aka sami 298. Guda 14 babu su, kuma dukansu daga aji ɗaya.

Na zauna a benci a barandar ofis da laftof a cinya, gumi yana ɗiga a kan madannai. Tunda aji ɗaya ne, na ɗauka makin ajin ne ke da matsala. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Takardun Word ɗin ma duk suna nan a folda, guda 312 cif. Na buɗe saƙonnin da na adana, sai na ga a kan waɗannan 14 LibreOffice ya ce `Error: source file could not be loaded`, amma duk da haka ya bar lamba sifili. Tun ranar ban ƙara yarda da lamba kaɗai ba, sai na sa PHP ya duba da `file_exists` ko PDF ɗin ya wanzu da gaske.

Malamar ajin ce ta gano bakin zaren, ba ni ba. Ita ce mai koyar da Hausa a makarantar. Ta zo ta tsaya da rajistar ajinta da jan biro, tana yi wa waɗanda ba su fito ba alama. Da ta kai ƙarshe ta yi shiru tana bin alamomin da ido, sannan ta juyo da rajistar wajena ta ce, "Malam, duba nan. Duk sunayen da suka ɓace akwai ƙugiya a cikinsu." Na duba. Masu suna irin su Ɗahiru, Ƙasimu, Ruƙayya, Bilƙisu, Ɗayyabu. Sauran malamai da K da D na Turanci suka shigar da irin waɗannan sunaye, shi ya sa nasu suka wuce. Ita kaɗai ce ta sa madannin Hausa a wayarta ta rubuta kowane suna yadda yake. Wadda ta yi daidai ita ce manhajata ta hukunta.

Na sa PHP ya nuna mini umarnin kafin ya aika shi. A inda ya kamata a ga `Ɗahiru` sai na ga `ahiru`. A wurin `Ruƙayya` na ga `Ruayya`. Harafin ya ɓace ɓat, ba a ko maye gurbinsa da alamar tambaya ba. Mai cinye shi kuwa `escapeshellarg` ne, wanda na sa don kariya daga irin harin da na ambata a sama. Ga yadda abin yake. Tsohon tsarin ASCII haruffa da alamomi 128 kawai ya sani, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. A tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga cikin haruffanmu masu ƙugiya bayit biyu ne. Ɗ babba, alal misali, C6 ne da 8A. Shi `escapeshellarg` yana bin rubutu yana tambayar tsarin harshen da aka saita ko wannan harafi ne na halal, wanda bai gane ba sai ya tsallake shi. A tamina ta tsarin UTF-8 ne, ya gane su. A Apache kuwa, ka tuna LANG ɗin da na gani an rubuta masa `C`? A wancan fayil ɗin `envvars` aka saita shi, kuma PHP 7.4 daga muhallin da ya tashi a ciki yake ɗaukar wannan saitin. Na gan shi da idona tun kwana uku da suka wuce, ban san shi zai dawo ya cije ni ba.

Shugaban makaranta yana tsaye a kaina, iyaye kuma sun fara taruwa a bakin get. Da na yi masa bayani a taƙaice ya ce, "Injiniya, in wanga harafi ne matsala, a sa D mana. Ai kowa ya san wa ake nufi." Ban ga laifinsa ba, lokaci yake dubawa. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti ashirin." Ban iya yarda ba. Tun shekarun 1930 ake rubuta waɗannan haruffa a boko, kuma ba ado ba ne: ƙasa daban, kasa daban, ɓari daban, bari daban. Yaro zai kai takardar nan gida, wataƙila a ajiye ta a ƙasan akwati shekara ashirin. Malamarsa ta ɓata lokacinta ta rubuta sunansa daidai. Ba zan ce mata ta koma ta lalata shi don ni na kasa saita kwamfuta ba. Kuma mun sha yin haka, mu masu wannan sana'a. Mun saba wa mutane cewa in harshensu ya ci karo da na'ura, harshen ne zai rusuna. Mafi yawan lokuta kuwa ba na'urar ce ta gaza ba, layi ɗaya ne ba mu rubuta ba.

Layin shi ne `setlocale(LC_CTYPE, 'C.UTF-8');` kafin a kira `escapeshellarg`. Ka fara buga `locale -a` ka tabbata sunan da za ka sa yana cikin jerin. Na kuma sa `LANG=C.UTF-8` a gaban umarnin don shi ma LibreOffice ya gane sunan fayil ɗin. Guda 14 suka fito, da ƙugiyoyinsu. Malamar ta karɓa ta bi su da jan bironta har ƙarshe kafin ta ce an yi. Bayan hutu na sake tsarin ta yadda sunan fayil lambar ɗalibi ce kawai, suna kuma yana cikin takarda inda babu abin da zai taɓa shi. Wanda yake kan sabon PHP ya sani cewa daga 8.0 an daina ɗauko wannan saitin daga muhalli kai tsaye, don haka ka saita shi da hannunka, ka kuma gwada da suna mai ƙugiya tun ranar farko. Ga yadda umarnin ya tsaya a ƙarshe:

```
$umarni = 'LANG=C.UTF-8 timeout 60 /opt/libreoffice7.3/program/soffice'
  . ' -env:UserInstallation=file:///var/lib/makaranta/lo'
  . ' --headless --convert-to pdf --outdir /var/lib/makaranta/pdf '
  . escapeshellarg($fayil) . ' 2>&1';
```

Wannan `timeout 60` na sa shi ne domin a Linux iyakar lokacin da PHP yake sa wa kansa ba ta ƙirga zaman jiran umarnin waje. In LibreOffice ya maƙale, shafin zai yi ta juyawa.

Yanzu in irin wannan ta taso ba na ɓata lokaci a burauza. Nakan sa rigar ɗan aiken in tafi aiken da kaina: `sudo -u www-data env -i /bin/sh -c 'umarnin'`. Wannan `env -i` yana tuɓe duk muhallina, in tsaya kusan yadda yake tsaye, in ji kuskuren da kunnena. Bai kama komai ba, domin `/tmp` na Apache ba ya bayyana ta nan, amma yana kama mafi yawa. Shi ya sa kuma ba na ba yara shawarar su tsaya a kan `php -S` kaɗai. Yana da sauƙi, amma da sunanka yake gudana, da PATH ɗinka da HOME ɗinka, sai ya ɓoye maka duk waɗannan har ranar da ka ɗora aikin a saba, mai aiki yana tsaye a kanka. Masu Windows da XAMPP su ma ba su tsira ba. Ta `cmd.exe` nasu umarnin yake bi, hanya mai sarari a ciki irin `C:\Program Files` sai an sa ta cikin alamar zance, kuma in ka sauya PATH sai ka rufe XAMPP ka sake buɗewa kafin Apache ya gani.

Da na kai nan ɗan yayata ya ce, "To Kawu, ni nawa wanne ne a ciki?" Na ce ban sani ba tukuna, shi zai gaya mana. Na tura masa laftof ɗinsa, na ce ya sa `2>&1` da hannunsa.

Aikinsa shafi ne da ake shigar da farashin buhun shinkafa daga kasuwannin Argungu da Jega da Kamba, PHP ya kira wani fayil na Python ya zana yadda farashin yake hawa da sauka. Shafin yana `/var/www/html`, fayil ɗin Python kuwa yana cikin gidansa, a ƙarƙashin `/home`. Ya danna. Saƙo ya fito: `Permission denied`. Ya ce, "Amma ai na ba shi 777!" Na ce ya buga `ls -ld` a kan gidan nasa kansa. Ubuntu 22.04 ce a kan na'urarsa, kuma tun daga 21.04 sabon gida da izinin 750 yake zuwa, wanda ba kai ba kuma ba ɗan ƙungiyarka ba ko zaure ba zai wuce ba. Ya buɗe ƙofofin ɗakuna uku a cikin gida, ƙofar gidan kuwa tana kulle.

Ya kai hannu zai buga `chmod` a kan gidan, na riƙe hannun. Muka kwashe fayil ɗin zuwa `/opt/shinkafa`. Ya sake dannawa, wani sabon saƙo ya fito: `No module named 'matplotlib'`. Wannan karon ban ce komai ba. Ya yi shiru yana kallon allo, can ya ce, "Da `pip` na girka shi, da sunana. Yana cikin `.local` na gidana ke nan. Shi ba ya ganinsa." Na ce haka ne. Ya haɗa `venv`, wato keɓaɓɓen Python na aikin kaɗai, a cikin `/opt/shinkafa`, ya kunna datar wayarsa ya girka abin da yake bukata a ciki, ya sauya umarnin ya kira Python na cikin `venv` ɗin da cikakkiyar hanya, ya ware folda ɗaya tak da `www-data` zai iya ajiye hoto a ciki. Ana kiran magariba a masallacin bayan shago zanen ya fito, layuka uku masu launi daban-daban, na Argungu a ƙasa.

Na ce saura foldojin nan uku da ya buɗe, ya mayar da su yadda suke, foldoji 755, fayiloli 644, ni zan je alwala. Da muka dawo daga salla na buga `ls -l` na bi su. Biyu sun koma daidai. Ta ukun, wadda fayil mai kalmar sirrin rumbun bayanansa yake ciki, tana nan a 777. Na juya masa allon, ya jawo kujera ya zauna.